Famfon ruwan sha na jirgi yana tashi shi kaɗai da dare, ba a buɗe ko'ina ba

Ɗan Jeti: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawarar masu sani. Jirgin ruwa ne mai tafiya da iska, tsawon mita 11, yana ɗaure a Legas. Tankunan ruwan sha biyu ne, lita 150 kowanne, ɗaya a ƙarƙashin kujerar dama, ɗaya a hagu. Famfon na volt 12 ne, irin mai faifan roba a ciki, an rubuta masa lita 11 a minti, yana yankewa in matsin ruwa ya kai psi 40 (psi ma'aunin matsi ne). Bayansa akwai ƙaramin tulun iska mai riƙe matsin ruwa na lita ɗaya, da hita mai ɗumama ruwa ta lita 20. Matsalolin uku ne. Da dare yakan tashi shi kaɗai kamar sakan ɗaya, duk bayan minti 15. In an ɗan buɗe ruwa kaɗan sai ya riƙa tat-tat-tat kamar keken ɗinki. Da safe kuma sai ya yi ta feso iska kafin ruwa ya zo. Mai jirgin ya ce a sayo sabo. A saya ko a dakata?

Baban Gareji: Wa alaikumus salam. A dakata, ɗana. Da farko mu daidaita harshe don kada mu rikice: in na ce famfo ina nufin injin da ke turo ruwan, wanda ake murɗawa a kicin ko bayi kuma kan famfo. Irin wannan famfo ba shi da wayo ko kaɗan. A kansa akwai makunni mai jin matsi. Matsi ya kai 40, ya yanke wuta. Matsi ya sauko wajen 20 zuwa 25, ya mayar. Shi ke nan aikinsa. Saboda haka in ya tashi cikin dare, labari yake ba ka cewa matsi ya zube. Ruwa kuwa hanya biyu kawai gare shi: ko ya fita ta gaba, wato yoyo a wani wuri tsakanin famfo da kawunan famfo, ko ya koma ta baya zuwa tanki ta cikin bawulolin famfon. In ta gaba ne, ka sayo sabo guda goma ma haka za su yi ta tashi.

Ga yadda za ka raba gardama. Kashe wuta, buɗe kan famfo matsi ya fita. Cire tiyon da ke bakin fitar famfon, ka sa guntun tiyo kamar taƙi ɗaya mai bawul a ƙarshensa. Kunna, bari ruwa ya fito cikin bokiti har iska ta ƙare, sannan ka rufe bawul ɗin. Zai yanke nan take. Zauna ka saurara rabin awa. In ya yi shiru, famfonka lafiyarsa lau, ɓarawon yana gaba. In ya ci gaba da tashi, a cikinsa yake. Kada ka tsorata in ka ji yanzu ya fi yawan tashi fiye da da, ruwan da ke riƙe da matsin ne ya ragu, ɗigo kaɗan ya isa ya saukar da shi.

Mai Wayarin: Baba ya faɗi gaskiya. Abu ɗaya zan ƙara: kada a matse tiyo da filaya a madadin bawul ɗin nan. Tiyon ruwan sha mai zare a ciki ne, in ka murƙushe shi ka bar masa rauni, bayan wata biyu nan zai fara ɗiga.

Na Fot Sudan: Ɗan Jeti, kafin ka kwance komai leƙa gindin jirgi inda ruwa ke taruwa. Akwai ruwa? In akwai, tsoma yatsa ka ɗanɗana, amma in ba ka ga mai ko dizal a kansa ba. Mai gishiri na teku ne, ba ruwanmu da shi a wannan magana. Marar gishiri ko ruwan sama ne ko na tankinka. In ta gaba yoyon yake, wuraren da aka fi kama shi su ne shawar da ke bayan jirgi inda ake ɗauraye jiki bayan iyo, don rana tana cinye tiyonta, kuma ruwan yakan zuba waje ba wanda ya gani. Sai bawul ɗin kariya na hita, wanda ke sakin ruwa in matsi ya yi yawa. Sai mahaɗar tiyo a ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Dabarar nema ita ce takardar goge hannu busasshiya. Naɗa ta a kowace mahaɗa ka dawo bayan awa ɗaya. Ido yana ruɗuwa da raɓa a kan tiyo, takarda kuwa za ta nuna maka inda ya fi jiƙewa.

Ɗan Jeti: Na gode manya. Gindin jirgi a bushe yake ƙarƙaf. Zan gwada dabarar Baba gobe da safe. Amma tat-tat-tat ɗin fa, shi ma yoyon ne?

Baban Gareji: A'a, wannan ciwo daban ne, kuma ka riga ka faɗi sunansa ba ka sani ba. Ka ce sakan ɗaya yake yi in ya tashi. Tulun iska na lita ɗaya in yana aiki, tsakanin psi 40 da 20 yakan ba da wajen kashi ɗaya cikin uku na lita kafin famfo ya tashi, kuma mayar da wannan ruwan sai ya ɗauki sakan uku ko huɗu, don gudun famfo yana raguwa in ya kusa yankewa. Tunda naka sakan ɗaya ne, tulun ba ya ajiye komai. A cikinsa roba ce ta raba shi biyu, gefe ruwa, gefe iska. Ruwa ba ya matsuwa, iska ce ke matsuwa. In iskar ta gudu, tulun ya zama tiyo mai ƙiba kawai. Ka buɗe ruwa kaɗan, famfo ya turo fiye da abin da ke fita, matsi ya haura nan da nan, ya yanke, ya faɗo, ya tashi. Shi ne keken ɗinkin da kake ji, kuma kowane tat ɗaya tartsatsi ne a cikin makunni.

A kan tulun akwai bawul irin na tayar mota. Kashe wuta, buɗe kan famfo ka bar shi a buɗe, wannan sharaɗi ne, in ba haka ba matsin ruwa za ka auna ba na iska ba. Danna tsinken bawul ɗin. In ruwa ya fito, robar ciki ta fashe, sai canji. In iska ce kaɗan ko ba komai, ɗauko famfon keke da gejin taya. Ƙa'idar ita ce iskar ta kasance psi 2 zuwa 3 ƙasa da inda famfo ke tashi. In yana tashi a 20, sa 17 ko 18. Tulun ƙarami ne, bugu biyu uku ya isa, kuma duk aunawar da ka yi tana satar kusan psi ɗaya, sai ka ɗan wuce kaɗan sannan ka auna.

Mai Wayarin: Nan zan ɗan saɓa wa Baba, da izini. Gyara tulun zai kashe tat-tat-tat, ban musa ba. Amma a bar shi sai an gama kama ɓarawon. Tulu mai lafiya ɓoye yoyo yake yi. Maimakon famfo ya tashi duk minti 15, sai ya koma tashi sau ɗaya a awa uku, mai jirgi ya yi barci ya ce an gyara, alhali ruwa yana nan yana tafiya.

Baban Gareji: Ba saɓani ba ne, Malam, tsari ne, kuma na yarda a fara da yoyo. Sai dai tulu mai lafiya shi ne ma mudun awo. Tunda ka san duk tashi ɗaya kashi ɗaya cikin uku na lita ne, in ya tashi sau uku a awa ka san lita ɗaya ke tafiya, lita 24 ke nan a yini. Cikin mako guda tanki ɗaya ya tafi. Ba tare da tulu ba ba ka da wannan lissafin, cokali ɗaya ma na iya tayar da shi.

Malamar Ruwa: Sannunku da aiki. Ba wanda ya taɓa maganar iskar safe, kuma ita ce ta fi nuna inda za a duba. Iska ba ta shiga ta gefen matsi, can ruwa ne ke fita. Ta gefen zuƙa take shiga, tsakanin tanki da famfo, kuma abin haushin wurin da iska ke shiga sau da yawa ko ɗigo ba ya yi. Ɗan'uwa, akwai matata mai murfi garai-garai gab da bakin shigar famfon. Kunna ruwa ka haska ta da tocila. In ka ga kumfa na wucewa, ramin yana tsakaninta da tanki. In cikinta ba kumfar da ke shigowa amma sama-samanta iska ce, murfin ne ko zoben robarsa. Murfin nan yakan tsage siririyar tsaga kamar gashi in an ɗaure shi da ƙarfi, da hannu kawai ake ɗaure shi. Sannan tankunanka biyu ne: in bawulolinsu duka a buɗe suke, ɗaya ya ƙare, famfo zai zaɓi iska ya bar ruwa, don iska ta fi sauƙin ja. Ɗaya ake buɗewa, in ya ƙare a rufe shi sannan a buɗe ɗayan. Wannan kuma yana hana ruwa gangarawa daga tankin sama zuwa na ƙasa in jirgi ya karkata cikin tafiya.

Na Fot Sudan: Malama ta taɓo wurin. Akwai kuma famfon ƙafa a kicin? Jirage da yawa suna da shi don ranar da batir ya mutu, kuma akan haɗa shi da tiyon zuƙa ɗaya da na lantarki. In bawulolin cikinsa sun tsufa, na lantarkin zai riƙa jawo iska ta bakinsa. Gwajinsa ba kuɗi: toshe bakin famfon ƙafar da yatsa yayin da ruwa ke gudu. In ka ji yana tsotsar yatsanka ko kumfa ta tsaya, ka kama shi. Maganinsa ƙaramin bawul a reshensa, ko a ba shi tiyonsa daban daga tanki.

Sai hancin tanki, wato siririn tiyon da ke ba shi numfashi ta gefen jirgi. A Bahar Maliya gishiri da ƙura ke toshe shi, a wurare masu ɗumi irin naku zanzaro ne ke gina gidan laka a ciki. Alamarsa ruwa ya fara da ƙarfi, bayan minti ɗaya ko biyu ya yi ta raguwa, famfo yana nishi. Buɗe murfin da ake zuba ruwa a sama. In ka ji fuu, iska ta ruga ciki, ruwa ya dawo da ƙarfinsa, hancin ne. Kada a raina shi, famfon nan yana iya lotsa tankin roba ko ya buɗe ɗinkin na ƙarfe.

Ɗan Jeti: Ga sakamako. Na sa guntun tiyo da bawul kamar yadda Baba ya ce, yana tashi duk minti biyu. Ke nan ciki ne. Tulun ba ruwa a bawul ɗinsa, amma geji bai ko motsa ba. Famfon ƙafa ba ya tsotsa. Matata kuwa akwai iska a samanta, zoben robar ya bushe ya yi faɗi. Yanzu yaya ake buɗe famfon ba tare da na ɓata shi ba?

Baban Gareji: Madalla. Kashe wuta, cire fis, rufe bawulolin tanki, sa tsumma. Fito da famfon gaba ɗaya ka ɗora a tebur, kada ka yi aikin a cikin lungu, ƙananan kusoshinsa in sun faɗa gindin jirgi sai wata shekara. Ja layi da alƙalamin maka daga kai, wato ɓangaren da ruwa ke bi, zuwa jikin mota, wato ɓangaren lantarkin da ke juya shi, don ka san yadda zai koma. Kwance kusoshin da ke kewaye da kan, na waje, ka bar na makunnin tukuna. In ka ɗaga za ka tarar da faranti mai bawuloli, roba ce zagaye kamar 'yar lema. Wasu ɗaki uku ne, wasu huɗu, wasu biyar, kowane ɗaki da bawul ɗin shiga, sai na fita a tsakiya ko a ɗaya fuskar. Ƙarƙashinsu faifan roba ne, bayansa wani faranti karkatacce da mota ke juyawa, shi ke tura ɗakunan ɗaya bayan ɗaya. Ɗaga gefen kowace lema da farce, ba da sukudireba ba. Abin da kake nema ƙanƙane ne: ƙwayar yashi, ɓarɓashin roba daga ranar da aka huda tanki, ko zaren farin tef na masu aikin famfo. Wanke da ruwan ɗumi da tsohon buroshin haƙori. In akwai farar ƙasa ta ruwa mai nauyi, jiƙa shi a ruwan tsami na kicin, wato binega, rabin awa. Sannan ɗaga farantin ka kalli haske ta bayansa. Lemar da ta lanƙwashe baki, ko ta yi tauri, ko haske na wucewa ta gefenta, wanki ba zai gyara ta ba, sai sabon saitin bawul. Ana sayar da shi daban, da lambar da ke jikin famfon ake nema.

Wajen mayarwa, zoben robar da ke tsakiya ya zauna a raminsa, in ya goce ciwon zai dawo fiye da da. Kusoshin cikin roba suke shiga: juya kowanne baya kaɗan har ka ji ya faɗa tsohon zarensa, sannan ka yi gaba. Ɗaure su a gicciye, wannan sannan na gabansa, zagaye biyu, ƙarfin yatsu uku a kan sukudireba.

Malamar Ruwa: A kiyaye da man shafawa. Robar bawuloli da zobba a irin waɗannan famfuna galibi EPDM ce, kuma duk abin da aka yi da man fetur kumbura ta yake yi. Ban da basilin, ban da giris ɗin mota. Giris na silikon wanda aka yarda da shi don ruwan sha, shi ma a shafa ɗan kaɗan a zoben matata da na mahaɗa, bawuloli kuwa a bar su haka. Farin tef ɗin da Baba ya ambata ma bai kamata ya je bakin famfon ba tun farko. Shurflo da Jabsco kamfanoni ne masu ƙera irin waɗannan famfuna: takardar Shurflo ta hana sa shi a zaren bakin, don mahaɗar da kanta take toshewa, Jabsco kuwa mahaɗarsu ta zoben roba ce da 'yar sakata.

Na Fot Sudan: In saitin bawul bai samu da wuri ba, akwai dabarar wucin gadi: bawul mai hanya ɗaya tsakanin matata da bakin shigar famfo. Ruwan da ke komawa zai tarar da ƙofa a rufe.

Baban Gareji: Yana aiki, amma a san farashinsa. Bawul mai sifirin yana ƙara wa famfo nauyin zuƙa, kuma ranar da tanki ya ƙare aka cika, zai yi wahalar kamo ruwa. Famfon nan lafiyayye yana jawo ruwa da kansa daga zurfin wajen mita 1.8, da wannan bawul a gabansa ba zai kai haka ba. A sa don a isa tasha, a cire in kaya sun zo. Kuma kada a sa shi a gefen fita, makunnin yana jikin injin famfon ne, zai ci gaba da jin matsi na zubewa.

Ɗan Jeti: Baba ranka ya daɗe, zaren farin tef ne, tsawon rabin farce, kwance a ƙarƙashin bawul ɗin fita. Na wanke na mayar, na canja zoben matata. Awa biyu bai tashi ba. Tulun na sa masa 18. Sauran abu ɗaya: in ya kusa yankewa yakan daɗe yana gurnani kafin ya tsaya, wani lokaci sakan goma. Wani ya ce in juya ɗan notin da ke kan makunni.

Mai Wayarin: Kada ka taɓa notin nan tukuna. Ɗauko mita. Auna batir, sannan ka auna a wayoyin famfon biyu, gab da shi, yayin da yake aiki. Aunawa yana kashe ba ta gaya maka komai, waya mai zare ɗaya da ya rage ma za ta nuna 12.6 in ba kaya a kanta. Famfo mai wannan girma yakan ja amfiya 4 zuwa 7, kuma mafi yawan ja a daidai lokacin da zai yanke ne, lokacin da matsi ya fi yawa. In wuta ta gaza a nan, motar ba ta da ƙarfin kai shi 40, sai ta tsaya a 37 tana gurnani tana zafi.

Ga lissafin. Ana ƙirga tsawon waya zuwa da dawowa. A ce mita 5 ne daga allon makunnai, mita 10 ke nan. A amfiya 7, waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 za ta cinye wajen volt 0.8, mai 2.5 wajen 0.5, mai 4 wajen 0.3. Ƙa'idar jirage ta yarda da asarar kashi 10 cikin 100 ga kaya irin wannan, wato volt 1.2, amma famfo ya fi jin daɗi in ba ta wuce rabin haka ba. In ka ga asara ta wuce lissafin waya, mahaɗa ce. Nemo ta haka: tsinken mita ɗaya a gefen mahaɗa, ɗaya a ɗaya gefen, famfo na aiki. Mahaɗa mai kyau kusan sifili za ta nuna. Bi gidan fis, makunnin allo, inda aka matse waya, kuma kada ka manta baƙar waya, rabin matsalolin a hanyar dawowa suke.

Ɗan Jeti: Batir 12.5, wajen famfo 10.9 yana aiki. A mahaɗar baƙar waya kaɗai na sami 0.9. Da na yanke ta, cikin wayar ya yi baƙi da kore.

Mai Wayarin: To ga gurnaninka nan. Yi ta yanke wa baya har ka iske jan ƙarfe mai haske. In ka ci taƙi biyu bai yi haske ba, danshin gishiri ya bi cikin rigar, canja wayar duka da ta jirgi mai ruwan kuza a kan zarenta, 2.5 ko sama. Matse da mahaɗa mai rigar da ke tsukewa da zafi, mai gam a ciki. Ban da murɗa waya da naɗa tef, ban da irin mahaɗar gida mai noti. Fis kuma a bi abin da aka rubuta a jikin famfon, galibi amfiya 10 ne ga wannan girman. In yana yawan ƙonewa ba a ƙara girmansa, ana neman dalili: ko dai bodin farantin ciki, wato ƙarfen da yake juyawa a kansa, ya kama, ko ruwa ya shiga mota.

Tunda ya daɗe yana tat-tat-tat, makunninsa ya sha tartsatsi. In wata rana ya ƙi tashi sam, alhali wuta na zuwa, haɗa wayoyin makunnin biyu da juna na ɗan lokaci. In mota ta juya, makunnin ne ya ƙone, shi kaɗai ake canjawa. Mai son ya huta da wannan sai ya sa rile, wato makunnin da wuta ke kunnawa, irin na motar hawa mai amfiya 30: makunnin ya riƙa kunna rile, rile ya ɗauki nauyin motar famfo.

Baban Gareji: Rile ɗin nan ni ban cika so ba a ƙaramin famfo. Ƙarin mahaɗa huɗu ne a wuri mai danshi, kuma ka ga abin da mahaɗa ɗaya ta yi yanzu. In tulu na aiki, makunnin zai daɗe. A manyan famfuna masu jan amfiya 12 zuwa 15 na yarda.

Maganar noti kuwa, a wasu alanki ne mai milimita 2, a wasu sukudireba. Juyi zuwa dama yana ɗaga matsin yankewa, hagu yana saukarwa. Rubu'in juyi ake yi a gwada, ana ƙirgawa don a iya komawa. Wasu famfunan suna da noti na biyu, na hanyar da ruwa ke zagayawa cikin kai in an buɗe kaɗan. In aka ɗaga na yankewa ya haura wannan, famfo ba zai taɓa tsayawa ba, zai yi ta juya ruwa a cikinsa har mota ta yi zafi. Bayan gyaran waya in ya yanke tsaf, ka manta da su duka biyun.

Na Fot Sudan: Kada hita ta ruɗe ka nan gaba. In babban injin jirgi ne ke ɗumama ta, ruwan yakan kai wajen digiri 80, kuma ruwa yana ƙaruwa kusan kashi 3 cikin 100 a wannan zafi, wajen rabin lita ke nan a lita 20. In ba inda zai je, ta bawul ɗin kariya zai ɗiga. Da dare ya huce ya tsuke, matsi ya sauka, famfo ya tashi sau ɗaya ko biyu. Wannan ba yoyo ba ne. In akwai bawul mai hanya ɗaya a bakin shigar hitar, tulunka ba zai iya shanye ƙarin ba, sai an sa wani a gefen zafi, shi kuma iskarsa daidai da matsin yankewar famfo ake sawa, ba ƙasa da na tashi ba. Sannan al'ada ce mai kyau a kashe makunnin famfo in za a bar jirgi ko ana tafiya cikin igiyar ruwa. Tiyo ɗaya ya zame, ƙarar inji ta rufe ta famfo, zubewar lita 150 a gudun lita 11 a minti ba ta kai rubu'in awa ba.

Malamar Ruwa: Tunda an buɗe layin, a wanke shi gaba ɗaya. Bilic na gida marar turare, a duba ƙarfinsa a jikin kwalba. Mai kashi 5, mililita ɗaya ga kowace lita, 150 ke nan a tanki guda. Mai kashi 3.5, wajen mililita 210. A dama shi a bokitin ruwa tukuna, kada a zuba shi tsura. A cika tanki, a buɗe kowane kan famfo, na sanyi da na zafi da shawar baya, har a ji warinsa, a rufe, a bar shi awa 4. A zubar, a cika da ruwa mai kyau a zubar sau biyu. Kafin a fara a kashe hita, a cire matatar gawayi in akwai, don za ta shanye sinadarin ta lalace a banza. In jirgin yana da injin tace ruwan teku da ke ɗauraye kansa daga tanki, a rufe hanyarsa, kulorin yana kashe fatar tacewarsa. Tankin alminiyam kuma kada a bar masa wannan haɗin ya kwana, yana cin sa. Bayan an gama a sake buɗe matata, duk dattin da ya saki jikin tiyo can zai taru, da 'yar ragar da ke bakin kowane kan famfo.

Ɗan Jeti: An canja waya, 12.1 yanzu a wajen famfo, yana yankewa tsaf. Sai dai na lura a tsaye aka kafa shi, kan yana sama mota tana ƙasa, kuma ƙararsa tana cika ɗakin kwana.

Baban Gareji: Juya shi, kai ƙasa mota sama. Tsakanin kai da mota akwai ƙananan ramuka. Ranar da faifan roba ya yage, ta nan ruwa zai fito, kuma in mota na ƙasa cikinta zai gangara ya cinye bodi da gawayin da ke kai mata wuta. Ka riƙa taɓa wurin da yatsa duk lokacin da ka buɗe matata. Ƙara kuwa ba daga famfon take ba, daga abin da yake jijjigawa ne. Kusoshin ƙafafunsa huɗu kada su murƙushe robar, a ɗaure har washa ta taɓa ta kawai. In a jikin siririn katako yake, mayar da shi kan mai kauri. Kowane gefe a sa tiyo mai laushi na milimita 13, kamar rabin mita, a ɗan lanƙwasa shi kafin ya haɗu da bututu mai tauri, kuma na gefen zuƙa ya zama mai zare don kada ya lotse. In ka juya shi, matatar ma ka juyo murfinta inda hannu zai kai ba sai an kwance komai ba.